Tukunyar Jirgin Malam Labbo

Kafin a kira azahar ran Alhamis, labari ya gama zaga unguwar Bayan Tasha a Ƙauran Namoda: an shiga zauren Malam Labbo da rana tsaka, an kwance tukunyar jirginsa an yi gaba da ita.

Wanda ba ɗan unguwa ba sai ya yi dariya, don jirgin da ake magana bai fi kamu biyu ba. Mutanen Bayan Tasha kam ba su ga abin dariya ba. Malam Labbo tsohon makanikin reluwe ne, ya kama aiki tun jiragen kwal ba su gama mutuwa ba, kuma har ya tsufa tururi bai fita daga kansa ba. Shekara uku ya yi yana ƙera ɗan jirgin ruwan nan. Ya yi masa injin tagulla kamar dunƙulen hannu, ya yi masa tukunya ta jan ƙarfe inda ruwa zai tafasa, tururi ya tura inji, inji ya juya farfela. Jibi Asabar aka shirya za a saka shi a tafkin bayan tasha a gaban 'yan firamare, su ga irin ƙarfin da ya taɓa jan tarago daga Ƙaura zuwa Zariya. Ran Alhamis ɗin tsoho ya kama hanyar Zurmi zai je ta'aziyya, direba ya ji an ce hanya ba kyau ya juyo da su. Ya dawo gida ya tarar da jirgi a kan tebur, ciki wayam.

Aka aika a kira Muhtari mai bin sawu.

Shekara talatin Muhtari ya yi yana bin sawun shanu daga Ƙaura har Moriki da Shinkafi, kafin daji ya gagari kowa. Yanzu awaki ne da kekuna, amma bakin nan nasa bai ragu ba. Ya sha faɗa a majalisa cewa babu ƙafar da ke taka Bayan Tasha wadda bai san mai ita ba, kuma a gaskiya ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ban da haka, shi da Malam Labbo surukai ne. Ɗansa na fari, Sirajo mai walda a tashar mota, shi ke auren Mairama autar Malam. Shi dai Muhtari ba ya cewa Sirajo. Ɗan fari ne, tun yaye aka kai shi Banga wurin kakarsa, ya dawo da gemunsa, kuma har yau uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa kallon tsaf ba. In ta kama dole sai ya ce yaron nan.

Da ya iso, jama'a suka dare. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, amma masu zuwa jaje sun tattake ƙofar gida kamar an ci kasuwa. Muhtari ya yi tsaki ya shiga zaure. A kan ƙurar daɓe ya ga sawun ƙafa ba takalmi, siririya, da ɗan tabo a babban yatsan hagu. Ya karɓi kwanuka biyu daga cikin gida ya kife a kai, ya ce kada kowa ya shiga. Ya fito ya zaga gefen taga. Nan ya ga sawun takalmin taya da layin ƙafar baro, sababbi fil.

“Malam Muhtari, mi kag gani?” in ji Malam Labbo.

Ido kusan ɗari na kansa. Da Muhtari ya ce a ba shi zuwa gobe, da ba a yi abin da aka yi ba. Amma ya saba a tambaye shi ya ba da amsa nan take, kuma daɗin hakan ya daɗe da shiga jininsa.

“Ɓarawo ya tsaya nan ga taga yad duba,” ya ce, “sannan yat tuɓe takalmi don kada mata su ji motsi nai. Wanga takalmi kuwa na san shi. Na mai baro ne.”

Mai baro ɗaya ne a unguwar. Sufyanu ɗan gwangwan, wanda ke zagawa yana sayen tsofaffin ƙarafa, ya gudo daga wani ƙauye bayan Zurmi shekara biyu da suka wuce, da matarsa Kulsumu da 'ya'ya uku, Mai Unguwa ya ara masa wani kango. Kafin Muhtari ya rufe baki matasa sun ruga. Suka kife masa baro a kwata, suka zazzage buhunansa, wani ya kwaɗa masa mari a gaban 'ya'yansa. Ba a ga tukunya ba. Mai Unguwa ya tsawatar, sannan ya yanke: zuwa la'asar ɗin gobe Juma'a, ko Sufyanu ya fito da kayan Malam, ko ya kwashe iyalinsa ya bar unguwa.

Kowa ya san nauyin wannan magana. A zamanin nan baƙon da aka kira ɓarawo yau, gobe infoman 'yan bindiga za a kira shi, kuma babu garin da zai buɗe masa ƙofa.

* * *

Bayan la'asar Muhtari ya tafi kangon, da nufin ya lallashi mutumin ya fito da kaya a rufa asiri. Ya tarar da shi zaune a kan bulo, kunci a kumbure, yana wanke taɓon kwata daga ƙafafunsa. Kulsumu na daga ciki tana ɗaure tabarmi.

“Sufyanu, ka zo ƙohwar Malam yau ko ba ka zo ba?”

“Na zo, Baba. Kullum Alhamis nika biyowa. Na tsaya ga taga na yi sallama, ba a amsa ba, naw wuce.”

“Ba ka shiga ba?”

“In shiga zauren mutum ba shi nan?” Ya ɗago kai. “Baba, in tambaye ka. An ce injin na nan, ba a taɓa shi ba?”

“Shina nan.”

“To ni ƙarhe ne sana'ata. Injin wanga tagulla ne zalla, ya hi tukunyar nauyi, ya hi ta daraja. Ɗan gwangwan da zai yi sata shi bar tagulla shi tsaya kwance bututu da sifana? Ai da jirgin duka zan sa buhu.”

Muhtari ba maganar yake saurare ba. Ƙafar yake kallo. Faffaɗa ce kamar faranti, yatsu a warwatse, diddige duk faso. Ko a mafarki wannan ƙafa ba za ta bar siririn sawun da ya kife da kwano ba. Ya haɗa sawun mutum biyu ya mai da su na mutum ɗaya, kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba.

Abin da ya kamata shi ne ya miƙe daga nan ya tafi wurin Mai Unguwa ya ce ya yi kuskure. Bai tafi ba. Ya ce wa kansa gara ya kamo ɓarawon gaske tukuna, ya kai gyara da kuskure a faranti ɗaya, yadda ba za a lura da kuskuren sosai ba. Ya san dabarar kare suna ce, ya kuma ji kunyar kansa, amma haka ya yi sallama ya fito.

Kulsumu ta yi magana daga bayan zana, ba ta ɗaga murya ba.

“Baba, yau na tahi rijiya, mata sunka janye gugansu. Ka hwaɗa muna dai in da inda munka yi maka laihi.”

Ya yi kamar bai ji ba.

* * *

Da safiyar Juma'a ya nufi makarantar firamare. Duk unguwa an san Malam Murtala, malamin kimiyya, ya yi cacar baki da Malam Labbo a kan jirgin nan har sun yi sati ba sa gaisawa. Muhtari ya same shi a gindin bishiyar bedi yana duba littattafan yara, ƙafa cikin takalmi sau ciki. Tun daga nesa ya auna ta da ido. Gajera ce, ba ita ba ce. Kuma jiya tun safe har azahar yana aji, yara sittin shaida. Duk da haka ya zauna, don mai gardama da mutum yakan san abin da masoyansa ba su sani ba.

“Mi yah haɗa ku da Malam?”

“Zaɓen tukunya,” in ji Malam Murtala, ya ajiye jan biro. “Injin nan, wallahi ko a kanti ba ka samun irin shi. Silinda guda, ƙarami, daidai jikin jirgin. Dauri yay yi shi, ido nai na gani. To ƙaramin inji ƙaramar tukunya shika so, da wuta kaɗan. Malam yac ce a'a, shi babba shika so, jirgi shi ƙetare tafki shi dawo ba a ƙara ruwa ba. Yas samo bututun jan ƙarhe mai kauri, yas sa lagwani ukku ƙarƙashi.”

“Laihi ne?”

“Ba laihi ba ne in an yi mata walda ta gaske, an sa mata bawul da zai saki tururi in ya yi yawa. Malam da dalma yal liƙe ta, irin ta masu gyaran bokiti. Dalma kuwa in ruwa ya ƙahe wuta ta ci, narkewa takai. Bawul ɗin ma na taɓa shi naj ji ya ƙage. Nac ce Malam, yara za su kewaye abin ga, huskokinsu kusa. Yac ce shi da yay yi wasa da tukunyar da ta hi ɗakina girma, ni ɗan alli zan koya mai tururi?”

“Sai kay yi shiru.”

Malam Murtala ya sunkuyar da kai. “Sai nay yi shiru. Nac ce ran Asabar in ja yara baya-baya. Tsoho ne, Baba. Wa zai dube shi shi ce mai hannunka ya hwara rawa?”

Muhtari ya tashi da wannan tambaya a kansa. Ashe ba ɓarawon ƙarfe yake nema ba. Wanda ya ɗauki tukunya ya bar inji, ya san abin da ke cikin tukunyar.

* * *

Ya koma zauren Malam Labbo da hantsi. Tsoho na zaune a waje kan benci, ya zuba wa jirginsa ido ta ƙofa kamar mai jinya. Muhtari ya ɗaga kwanukan, ya durƙusa, wannan karon ba mai kallonsa balle ya yi sauri.

A kan tebur ya ga abin da ya tsallake jiya: notina huɗu da aka kwance, an jera su cikin murfin gwangwani don kada su ɓace. Sannan ya bi sawun daga ƙofa. Hanya mafi kusa zuwa tebur ta bi ta kan buzun da Malam ke zama. Sawun bai bi ta nan ba. Ya raɓa ta jikin bango, ya yi doguwar kewaya, ya je tebur, ya dawo ta inda ya bi. Mai gida ba ya nan, ba mai ganinsa, amma mutumin nan ya kasa taka buzun Malam.

Muhtari ya miƙe. Ya fito waje. In ba a taga aka tuɓe takalmi ba, a ina aka tuɓe? Ya bar ƙofar da aka tattake, ya yi ta faɗaɗa kewaye, taki biyar, taki goma. A gindin dogonyaron da ke kallon gidan, ta gefen da ba a bi, ya same su. Sawun silifa biyu, a jere kafaɗa da kafaɗa, suna fuskantar ƙofar Malam. Daga gabansu yatsun siririyar ƙafa suka fara.

Ɓarawo yakan riƙe takalminsa a hannu, ko ya soke a ƙugu, don bai san ta inda gudu zai kama shi ba. Wanda ke jere takalmi taki goma kafin ƙofa, ya taka ƙasa da ƙafa har zaure, mutum ɗaya ne a ƙasar Hausa. Suruki ne ya zo gidan surukinsa. Ƙafar ta saba, ko sata ta zo yi ba ta iya mantawa.

'Ya'yan Malam Labbo mata uku ne. Ɗaya na Gusau, ɗaya na Shinkafi. Autar kaɗai ke aure a garin nan.

“Ka ga wani abu?” in ji Malam daga kan benci.

“Tukuna,” in ji Muhtari. Ƙarya ta biyu ke nan cikin kwana biyu, kuma wannan da saninsa ya yi ta.

* * *

Rumfar walda tana can ƙarshen tashar mota, bayan masu faci. Muhtari bai taɓa zuwa ba. Ya tarar da yaron nan a tsugune yana gyaran lagireto, ya tuɓe silifa ya ajiye gefe. Da ya ga mahaifinsa sai ya kashe wutar gas, ya rusuna, ya kafa ido a ƙasa.

Muhtari ma ƙasa ya duba, kamar yadda ya saba in sun haɗu. Sai dai yau ya bar idonsa ya tsaya. Siririyar ƙafa, doguwa, irin ta Mero uwarsa. A babban yatsan hagu ga tabon ƙuna, tsoho, ya warke tuntuni. Yaushe ya ƙone? Wa ya yi masa jinya? Bai sani ba. Ya san ƙafar mai shayi, ya san ta ladan, ya san ta baƙon da ya zo shekara biyu da suka wuce. Ƙafar da ya haifa ce kaɗai bai taɓa kallo ba, kuma da alfahari yake kiran hakan kunya.

“Tana ina?” ya ce.

Sirajo bai yi musu ba. Ya jawo wani buhun siminti daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Ga tukunya, ja, tana ƙyalli.

“Baba, ba sata nay yi niyya ba. Ran da Baba Malam yag gwada ta ina daga bakin ƙohwa, nag ga ruwa na tsattsahowa ga ɗinkin dalma. Shi bai gani ba. Na aiki Mairama har sau biyu ta hwaɗa mai, ta tahi ta dawo tac ce bakinta ya ƙi buɗuwa. Ni kuwa ina zan tsaya gaban shi in ce aikin shi bai yi ba? Da naj ji zai tahi Zurmi shi kwana, nac ce in ɗauko in yi mata walda da tagulla, in gyara bawul, in maida kahin shi dawo. Ba wanda zai ji kunya. Sai ga shi ya juyo.”

“Da anka mari bawan Allah, kana ina?”

Sirajo ya ƙara sunkuyar da kai. Can ya ce, “Ina nan. Na ji. Na tashi in tahi har sau ukku, ƙahwata ta ƙi.”

Muhtari ya so ya yi faɗa, amma da wane baki? Shi ma tun jiya da la'asar ƙafarsa ta ƙi.

“Baba,” in ji Sirajo a hankali, “ko in jehwa ta ta katanga yanzu da anka tahi masallaci? A ce an tsinta.”

Wallahi Muhtari ya auna maganar, kuma ta yi masa daɗi. Tukunya ta dawo, Malam ya huce, sunan gidansa ya tsira, nasa sunan ma ya tsira. Sai dai duk unguwa za ta ce ɗan gwangwan ne ya ji tsoro ya maido. Ko an bar shi ya zauna, zai zauna a matsayin ɓarawon da aka yi wa afuwa, 'ya'yansa su tashi da sunan.

“Kada ka taɓa ta da wuta,” ya ce. “Ka zo da ita yadda take bayan la'asar. Ka zo da hwamhon keke.”

* * *

Ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika tun kafin a shafa fatiha. Malam Labbo na kan tabarma kusa da Mai Unguwa. Malam Murtala na tsaye a gefe. Sufyanu na tsugune a tsakiya shi kaɗai, an bar masa fili kamar mai cuta. Can baya, a bakin lungu, Sirajo ya tuɓe takalmi ya rakuɓe da buhu a hannu.

“To, Muhtari,” in ji Mai Unguwa, “wa'adi ya cika. Kaya sun hito?”

“Ranka shi daɗe, kahin kaya, akwai magana. Jiya na hwaɗi abin da ban tabbatar ba. Sawun taga na Sufyanu ne, gaskiya, amma sallama yay yi yaw wuce. Sawun cikin zaure ba nashi ba ne. Tun jiya da la'asar nas san haka, nay yi shiru don kada a ce Muhtari ya yi kuskure. Wanga bawan Allah ya kwana da sunan ɓarawo saboda girman kaina.”

Matasan da suka kife baro suka fara duban juna.

Ya ba su labarin notina a murfin gwangwani, da buzun da aka kewaye, da silifa biyu a gindin dogonyaro. Yana cikin magana ya ga dattawa sun fara sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya, don duk wanda ya taɓa zuwa gaida surukai ya gane. Malam Labbo ya daina jan carbi.

“Mun ji,” in ji Mai Unguwa. “Amma jiya da baki kan nuna mutum, yau ma da baki za ka nuna. Wane ne?”

Da zai iya cewa yaron nan, kowa zai gane. Amma jiya da ya jefa baƙo cikin wuta bai yi kewaye-kewaye ba. Ya buɗe baki zai faɗi sunan. Shekara talatin da biyu yana kauce masa, tun ran suna da liman ya raɗa, shi kuma ya tashi ya bar wurin.

“Sirajo ne,” ya ce. “Sirajo ɗana.”

Wata tsohuwa daga cikin zaure ta saki salati. Sirajo ya taso a duƙe, ya ajiye buhu a gaban Mai Unguwa, ya faɗi dalilinsa yana kallon ƙasa, muryarsa da ƙyar ake ji. Da ya zo kan maganar dalma sai ya kasa ƙarasawa.

“Ƙarya ne!” in ji Malam Labbo. “Tukunyata ba ta yoyo. A kawo ruwa!”

Aka kawo bokiti. Tsoho bai yarda kowa ya taɓa ba. Da kansa ya toshe bututu, ya haɗa famfon keke, ya nutsa tukunya cikin ruwa, ya ce wa Malam Murtala ya buga. Bugu biyar, ba komai. A na takwas sai ga ƙananan kumfa sun jero daga ɗinkin dalma, sirara, ba su yankewa. Bawul kuwa ko motsi bai yi ba. Malam ya kawo fuskarsa dab da ruwa kafin ya gan su, kuma duk wanda ke wurin ya ga irin kusantowar da sai da ya yi.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago hannuwansa biyu ya dube su, suna rawa.

“Yara nawa kac ce za su zo?” ya tambayi Malam Murtala.

“Sittin, Malam.”

Tsoho ya tsamo tukunyar, ya goge ta da bakin rigarsa. Bai dubi surukinsa ba, ba a yin haka. Ya ajiye ta a tabarma ta gefen da Sirajo yake, ya yi magana yana kallon bango.

“A hwaɗa ma mai walda shi yi mata ta gaske. A rage lagwani guda. In an ƙare a kawo in gani.” Ya ja numfashi. “Kuma a hwaɗa mai, gobe in ya ga zan hwaɗa rami, shi kama ni. Kada shi tsaya tuɓe takalmi.”

Wasu suka yi 'yar dariya, irin ta neman mafita. Mai Unguwa ya ce magana ta mutu, Sufyanu ya zauna daram, matasan da suka taɓa shi su gyara masa baro su ba shi haƙuri. Aka juya a nemi Sufyanu. Babu shi. Tun ana buga famfo ya tashi ya tafi, ba wanda ya lura, kamar yadda aka saba.

* * *

Muhtari bai buƙaci tambaya ba, sawun takalmin taya ya miƙe har kango. Ya bi shi, jama'a na biye da shi daga nesa don son ganin ƙwaƙwaf. Daga bayansa yana jin takun mutum ɗaya kusa, kuma yanzu ya san takun.

Kangon ba shi da ƙofar kirki, buhu ne aka rataya. A waje ga tabarmi a ɗaure, ga tukwane cikin baho, ga yara uku zaune a kan kaya sun yi shirin tafiya. Sufyanu na tsaye ya ba hanya baya. Kulsumu ce ta fara hango su.

Saura taki goma Muhtari ya tsaya. Dattijo ne mai furfura, a ƙofar baƙon da ya girme wa da shekara ashirin, ga rabin unguwa na kallo. Ya sunkuya ya zare takalmansa, ya jera su kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar buhun ƙofar. Sirajo ya jera nasa a gefe. Suka taka taɓo da ƙafa har gaban mutumin, Muhtari ya durƙusa.

“Sufyanu, na zo roƙon gahwara. Ba don na cancanta ba.”

Sufyanu ya juyo. Ya dubi tsohon, ya dubi takalman can baya. Kulsumu ce ta ajiye ƙullin da ke hannunta.

“Baba, tashi, ƙasa da sanyi,” ta ce. “Mun yahe. Amma gobe da sahe ka zo ka raka ni rijiya, ka hwaɗa ma matan da bakinka. Su ba su zo taro ba.”

“Zan zo,” in ji Muhtari.

Bai tashi ba sai da ya ga ta tsuguna ta fara kwance igiyar tabarmi.